Fiziks da Jarrabawar Fita Sakandare: Darasi ga Masu Komawa Aji

Duk wanda ya taɓa neman gurbi a makarantar koyon aikin jinya ko ungozoma a Nijeriya ya san sharaɗin da ake gindayawa tun daga bakin ƙofa: kiredit biyar, wato Ingilishi da Lissafi da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, kuma a same su a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Mai son karatun likita ko injiniya a jami'a shi ma ba ya tsallake Fiziks. Sai ka ga mutum ya zo da takardarsa, darussa huɗu sun yi kyau, Fiziks ta tsaya a D7, a ce masa ya je ya dawo. A wurin hukumar jarrabawa D7 ba faɗuwa ba ce, amma kiredit daga C6 yake farawa ya hau har A1, kuma shi makarantu suke nema.

Shi ya sa azuzuwan yamma ba sa rasa manya masu neman gyara wannan darasi ɗaya tak: ma'aikacin asibiti da ke son ƙarin girma, matar aure da yaranta suka tasa ta ce bari ta koma, mai haɗa wutar gidaje da ke son takardar difloma. Yawancinsu sun taso da labarin cewa Fiziks ta masu kaifin ƙwaƙwalwa ce kawai. Labarin bai cika gaskiya ba. Abin da ya fi kayar da mutane shi ne sun ɗauke ta darasin hadda, alhali ita darasin awo ce. Wanda ya iya auna abu, ya rubuta abin da ya auna da tsari, ya nuna yadda ya bi ya kai ga amsa, ya ci rabin tafiya.

Yadda jarrabawar take

Hukumomi biyu ne suka fi shahara wajen shirya jarrabawar kammala sakandare. Akwai WAEC, wadda aka kafa a 1952, take aiki a Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya da Laberiya. Akwai kuma NECO ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1999, hedikwatarta na Minna. Kowacce tana da zama na ɗaliban makaranta da kuma zama na masu zana jarrabawa daga waje, kuma na biyun ne hanyar babba mai karatu daga gida.

Fiziks ta WAEC takarda uku ce. Ta farko tambayoyi 50 ne na zaɓar amsa, cikin awa ɗaya da minti 15, maki 50. Ke nan minti ɗaya da rabi ga kowace tambaya. Ta biyu ta rubutu ce da lissafi, awa ɗaya da rabi, maki 60: a sashen farko a amsa gajerun tambayoyi biyar daga cikin bakwai, a na biyu a amsa dogaye uku daga cikin biyar. Ta uku ita ce firaktikal, maki 50, inda ake ba da tambayoyi uku a zaɓi biyu, galibi ɗaya kan motsi da ƙarfi, ɗaya kan haske, ɗaya kan lantarki. Ɗan makaranta yana yin ta a ɗakin gwaje-gwaje da kayan aiki a gabansa. Ɗan waje kuwa madadinta ake ba shi: zane-zanen kayan aiki a takarda, ya sa rula ya auna, ya cika jadawali, ya zana giraf. Idan aka tara makin duka ya zama 160, kusan kashi ɗaya cikin uku na firaktikal ne, kuma ita ce mutane suka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Daga 2024 WAEC ta fara sa masu zana jarrabawa daga waje su amsa tambayoyi ta kwamfuta, don haka wanda bai saba da ita ba ya nemi inda zai gwada hannunsa tun da wuri. JAMB, mai jarrabawar shiga jami'a, dama ta daɗe a kan kwamfuta: tambayoyi 180 cikin awa biyu, 40 daga ciki na Fiziks ga wanda ya zaɓe ta. In aka raba, sakan 40 ke nan kowace tambaya.

Ma'auni kafin fomula

A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars, mai suna Mars Climate Orbiter, bayan ya yi tafiyar wata tara. Da aka bincika sai aka gano cewa kamfanin da ya ƙera shi yana ba da alƙaluman ƙarfin tunkuɗa da ma'aunin fam irin na Amurka, masu tuƙa shi daga ƙasa kuma suna ɗaukar alƙaluman a matsayin niyuton. Kumbon ya kusanci duniyar fiye da kima ya halaka. Ƙwararrun injiniyoyi ne suka yi wannan kuskure, kuma irinsa ne yake cinye makin ɗalibi a zauren jarrabawa kowace shekara.

Fomulolin da ke cikin littafi an gina su ne a kan tsarin ma'auni na duniya da aka amince da shi a 1960: tsawo da mita, lokaci da sakan, yawan abu da kilogiram, kwararar lantarki da amfiya. Mai tambaya kuwa da gangan yake ba da gudun mota da kilomita a awa, ko tsawon waya da santimita, ya ga wa zai lura. Motar da ke gudun kilomita 72 a awa tana cin mita 72,000 cikin sakan 3,600, wato mita 20 kowane sakan. Gajeriyar hanya ita ce a raba da 3.6. Wanda ya zuba 72 cikin fomula ba tare da ya juya ba, ko lissafinsa ya kai na malamin jami'a kyau, amsarsa ta karkace.

Akwai kuma bambancin da ya kamata ya zauna daram a kai. Buhun siminti kilogiram 50 ne a Kano, kilogiram 50 ne ko an kai shi duniyar wata. Amma ƙarfin da ƙasa ke jawo shi da shi, wanda ake aunawa da niyuton, kusan 500 ne a nan, idan aka ɗauki g, wato ƙarfin jan ƙasa a kan kowane kilogiram, a matsayin 10 kamar yadda takardar jarrabawa ta saba cewa a yi. A wata kuwa kashi ɗaya cikin shida na hakan ne. Tambaya in ta nemi ƙarfi, amsa da niyuton take ƙarewa. Lamba tsirara ba tare da ma'auninta ba, mai duba takarda yana rage mata maki.

Abin da babba ya riga ya sani

Yaro ɗan shekara 16 ya fi babba lokaci da saurin hadda. Babba ya fi shi sanin duniya, kuma a Fiziks wannan jari ne.

A ɗauki ɗan acaɓa. Ya san cewa babur mai gudu sosai ba ya tsayawa nan take, sai dai bai taɓa sa wa abin lamba ba. Littafi ya ce v² = u² + 2as. In babur yana gudun kilomita 36 a awa, wato mita 10 a sakan, birki kuma yana rage masa mita 5 a sakan cikin kowane sakan, zai ci mita 10 kafin ya tsaya. In gudun ya ninka ya zama kilomita 72, ba mita 20 zai ci ba, mita 40 zai ci. Gudu ya ninka sau biyu, nisan tsayawa ya ninka sau huɗu, domin gudun ana ninka shi ne da kansa a cikin fomular. Wanda ya gane wannan ta hanyar baburinsa ba zai sake ruɗewa ba in aka tambaye shi makamashin motsi, tunda shi ma ½mv² ne.

Ko a ɗauki mai gida da mitarsa ta kati. Wutar gida a Nijeriya wajen bolt 230 ce. Dutsen guga mai wat 1,000 yana jan amfiya 4.3 da ɗan ɗoriya, saboda wat shi ne bolt sau amfiya. In ana guga awa biyu kullum har kwana 30, an ci kilowat-awa 60, kuma wannan shi ne yunit 60 ɗin da ke zubewa daga mita. Mai haɗa sola ya san in ya jera batura biyu masu bolt 12 kai da gindi zai sami bolt 24, in ya haɗa su kai da kai, gindi da gindi, bolt 12 ɗin ne dai amma sun fi daɗewa. Dokar da Georg Ohm ya wallafa a 1827, V = IR, wato bolt shi ne amfiya sau turjiyar da ake aunawa da om, ba baƙuwa ba ce ga mai irin wannan sana'a. Inda ake zamewa shi ne wajen haɗa turjiya biyu kafaɗa da kafaɗa: in ɗaya om 6 ce ɗaya om 3, ɗalibi zai tara 1/6 da 1/3 ya sami 1/2, ya yi murna ya ja layi. Ya manta cewa abin da ya samu 1/R ne; sai ya juya shi, amsa om 2.

Babin zafi kuwa yana cikin randa. Ana buƙatar jul 4,200 kafin a ɗaga zafin kilogiram ɗaya na ruwa da digiri ɗaya, amma kafin kilogiram ɗin ya zama tururi sai ya sha jul wajen 2,260,000, fiye da ninki biyar na abin da zai kai shi daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Randar yumɓu tana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta jikinta, iska ta kwashe shi, kuma kowane ɗigo da ya tashi yana tafiya da zafi. A takarda, in giram 100 ya tashi daga randa mai ruwa kilogiram 10, kuma duk zafin daga ruwan ya fito, sanyinsa zai ƙaru da digiri biyar da wani abu. A zahiri bai kai haka ba, don iskar waje tana mayar da wani zafin. Da wannan ilimi ne Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don adana yalo da tumatir da alayyafo a ƙauyukan da babu lantarki, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Tambayar da ke cewa a bayyana dalilin da gumi ke sanyaya jiki, ko dalilin da shanya ta fi saurin bushewa lokacin hunturu, duk amsarsu ɗaya da ta randa.

Wannan ba ya nufin komai yana tsakar gida. Babin ƙwayar zarra da na igiyoyin haske da ido ba ya gani sai an zauna da littafi. Amma manyan babobi, motsi da zafi da haske da lantarki, su suka fi yawan tambayoyi, kuma su ne babba yake da ƙafar shiga.

Zare, noti da agogon waya

Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da suka saba fitowa a firaktikal shi ne na fendulum, wato ɗan ƙarfe da aka rataye da zare yana lilo. Ba ya buƙatar ɗakin gwaje-gwaje. Zaren ɗinki mai ƙwari, notin ƙarfe daga wurin bakanike, ƙusa a dokin ƙofa, tef ɗin tela da agogon da ke cikin waya sun isa.

Ana auna tsawon zaren daga inda aka ɗaure shi zuwa tsakiyar notin, ba zuwa samansa ba. A ja notin gefe kaɗan, a sake shi ba tare da an tura ba. Zuwa da dawowa shi ne lilo ɗaya. Ba a auna lilo ɗaya, sai 20, sannan a raba da 20. Dalili kuwa yatsan ɗan'adam yana makara da kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan wajen danna agogo. A lilo ɗaya mai sakan biyu wannan kuskuren kashi 10 ne cikin ɗari. A lilo 20 masu sakan 40 rabin kashi ɗaya ne kawai. Da zare mai tsawon mita ɗaya, lilo 20 zai ɗauki sakan 40 da 'yan kai. In aka rage shi zuwa santimita 40, wajen sakan 25 da rabi.

Sai jadawali. Kowane layi da sunansa da ma'auninsa a sama: tsawo, lokacin lilo 20, lokacin lilo ɗaya wato T, sannan T². Alƙaluman layi ɗaya su zo da yawan lambobi iri ɗaya bayan ɗigo. Rula tana karanta har 0.1 na santimita, don haka 40.0 ake rubutawa, ba 40 ba. Wannan sifilin da ake rainawa shaida ne na iyakar abin da kayan awon ke iya gani, kuma yana da maki.

A giraf ne ake rabuwa. Rahotannin da manyan masu duba takardu na WAEC ke fitarwa bayan jarrabawa sun sha nanata laifuffuka iri ɗaya: sikelin da bai dace ba, layukan giraf marasa suna, ɗigogin da aka ɗora ba daidai ba. Sikeli ya zama mai sauƙin ƙirgawa, biyu-biyu ko biyar-biyar ko goma-goma. Mai ɗaukar uku-uku ko bakwai-bakwai ya jawo wa kansa wahala. Ɗigogin su bazu su ci aƙalla rabin takardar, kada su cure a lungu guda. Ba a haɗa ɗigo da ɗigo kamar mai bin sawu. Miƙaƙƙen layi ɗaya ake ja da fensir mai tsini, ya ratsa tsakaninsu, waɗanda suka kauce su rabu sama da ƙasa daidai wa daida. Wajen fitar da gangaren layin a zana babban kusurwa-uku, a ɗauki alƙaluma daga jikin layin, ba daga jadawali ba.

In T² ke tsaye, tsawo da mita ke kwance, gangaren zai fito kusa da 4.0. A raba 4π², wato 39.5, da wannan gangare, sai ga g, kusan 9.8. Mutum a ɗakinsa, da zare da noti, ya auna ƙarfin da ƙasa ke jan komai da shi. Wanda ya sami 9.5 ko 10.1 kada ya goge alƙalumansa ya ƙirƙiro waɗanda za su ba shi 9.8 cif, masu dubawa hanya suke bi suna ba da maki, kuma alƙaluman da suka yi kyau fiye da kima su ma suna da warinsu.

Akwai maki na matakan kiyayewa, kuma a nan ma hadda tana cutarwa. Ɗalibi ya haddace cewa an kashe fanka don kada iska ta taɓa zare, sai ya rubuta ta a gwajin lantarki. Kowane gwaji da nasa: a na fendulum, an sa lilon ya zama ƙarami kuma ido ya daidaita da rula; a na lantarki, an ɗaure wayoyi tam kuma an cire makunni bayan kowane karatu don kada waya ta yi zafi; a na haske, an kafa allurai a tsaye kuma an ba su tazara. Gwajin haske shi ma ana yin sa a gida da madubi da allurai huɗu da kwali. Irin aikin da Ibn al-Haisam, mutumin Basra, ya yi ke nan a Alƙahira shekaru dubu da suka wuce lokacin da yake rubuta Kitab al-Manazir, inda ya tabbatar da cewa haske daga abu yake tahowa ya shiga ido.

Tsara lokaci

Manhajar ta shekara uku ce, babba kuma wata shida ko tara yake da su, ga aiki ga iyali. Farkon abin yi shi ne ya sami manhajar WAEC ko NECO ta Fiziks ya yi wa kowane babi alama: wanda ya sani, wanda ya manta, wanda bai taɓa gani ba. Littafi ɗaya ya isa, kamar New School Physics na M. W. Anyakoha da ke kusan kowane shagon littattafai. Tara littattafai huɗu ba ya ƙara komai sai nauyin jaka.

Makonni biyu ko uku na farko a ba Lissafi, domin sau da yawa ciwon a can yake. Wanda ba zai iya juya V = IR ya fitar da R ba, ko ya rikice in ya ga 3 × 10⁸, ko bai san inda sin da cos suke a kalkuletarsa ba, zai yi ta zargin Fiziks a kan laifin da ba nata ba.

Minti 45 kullum bayan sallar asuba ko bayan isha'i sun fi awa shida a ranar hutu. Kuma karatun na alƙalami ne: a karanta misali, a rufe littafi, a sake yin sa daga farko. Kallon malami yana warware lissafi a allo ko a bidiyon waya yana sa mutum ya ji kamar ya iya, sai ya zauna shi kaɗai gaskiya ta fito. Wajen amsa tambayar lissafi, tsari huɗu ne ba ya canzawa: a rubuta abin da aka bayar da ma'auninsa, a rubuta fomula, a zuba alƙaluma, a fitar da amsa da ma'auni. Ko amsar ƙarshe ta kuskure, layukan sama suna da nasu maki.

Tambayoyin shekarun baya a fara su babi-babi, sannan in ya rage wata biyu a koma yin cikakkiyar takarda da agogo a gefe. A yi hattara da amsoshin da ke bayan irin waɗannan littattafai na kasuwa, ba duka ne daidai ba. In amsa ta saɓa wa littafin karatu, a kai wa malami. Batun cibiyoyin da ke alkawarin kawo amsa kuwa, hukumomin jarrabawa suna riƙe sakamakon da suke zargi ko su soke shi, kuma wanda ya shiga makarantar jinya ta wannan hanya zai tarar da Fiziks tana jiransa a zangon farko.

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya haɗa fendulum ɗinsa, ya auna lokacin lilo 20 a tsawon santimita 40.0, 55.0, 70.0, 85.0 da 100.0, sau biyu-biyu, ya ɗauki matsakaici. Ya cika jadawali, ya zana giraf a takardar giraf ta ainihi, ya fitar da g, ya rubuta matakan kiyayewa biyu da ya bi da gaske. Sannan ya lissafa minti nawa butar lantarki mai wat 2,000 za ta ɗauka kafin ta tafasa ruwa kilogiram 2 da ke kan digiri 30, in babu zafin da ya salwanta. A aji na gaba ɗalibai za su yi musayar takardu, kowa ya duba ta ɗan'uwansa da jan biro, ya fara da neman lambar da aka bari ba ma'auni.